Hattara da masu tallan akwatin nan da wai yake haɗa duk na'urorin gida

Jama'a don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗi, ni dai an riga an yi min, amma ba zan yi shiru a ci gaba da yi wa wasu ba.

Akwai wani mai talla a intanet da yake sayar da wani ɗan ƙaramin akwati fari, wai shi ne hub ɗin da zai haɗa maka duk kayan gidanka a manhaja ɗaya, ƙwan fitila ne, makullin ƙofa ne, soket ne, komai da komai, ko Zigbee ne ko Z-Wave ko Thread, wato hanyoyin da irin waɗannan na'urori ke magana da juna ba waya, har da tambarin Matter, tsarin da ke sa kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare, ya manna a jikin kwalin. Ni kuma dama abin ya ishe ni, ƙwayayen fitilana na Zigbee ne, makullin ƙofa na Z-Wave, soket biyu na Wi-Fi, kowanne da manhajarsa, wayata ta cika kamar jakar mai gyaran rediyo. Da na ga bidiyonsa yana danna abu ɗaya fitila ta kama ƙofa ta buɗe, ban tsaya dogon tunani ba na biya. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Kaya ya zo. Abu na farko da ya kamata ya farkar da ni, manhajar ba ta Play Store, linki ya turo min wai in sauke daga can, kuma tana buɗewa ta nemi lambobin wayata da saƙonni da inda nake. Me ya haɗa kunna fitila da saƙonnina? Amma haka na daure na sa mata password ɗin Wi-Fi na gida. Talabijin ta amsa, fanka mai rimot ma ta amsa, na ce to madalla. Da na zo kan fitilu shiru. Makulli shiru. Na yi masa magana ya ce ƙwayayena ne tsofaffi, washegari ya ce a'a sai an kunna min wani sashe a sabarsu, wato kwamfutarsu da ke intanet, kuma sai na biya kuɗin wata-wata, wai da zarar na biya za su turo update Z-Wave ya fara aiki.

Nan ne na ɗauko sukundireba na buɗe abin. Wallahi abin da ke ciki bai wuce cif ɗin Wi-Fi guda ɗaya ba, da 'yan fitilun infrared irin na kan rimot, da wani ƙaramin rediyo, wato abin aika sigina ta iska, na 433 MHz. Shi ke nan. Wato rimot na saya da tsada.

To ga abin da nake so kowa ya gane, don da na san shi da ba a cuce ni ba. Waɗannan sunayen, su Zigbee da Z-Wave, ba manhaja ba ne kawai, kowanne da irin rediyon da yake buƙata. Zigbee yana aiki a 2.4 GHz, kan tsarin da ake kira IEEE 802.15.4, kuma duk da cewa Wi-Fi ma yana amfani da 2.4 GHz ɗin, ba sa jin yaren juna, kamar mutum biyu ne a ɗaki ɗaya kowa da harshensa. Z-Wave kuwa can ƙasa yake, wajen 868 MHz a Turai, 908 MHz a Amurka, shi ya sa ko makulli na gaske ka saya na Amurka ba zai yi magana da hub na Turai ba. Idan babu cif ɗin Z-Wave a cikin akwati, babu update ɗin da zai haifar da shi, ko sau ɗari ka biya. Inda kawai maganar update take da ƙamshin gaskiya shi ne tsakanin Zigbee da Thread, tunda rediyonsu iri ɗaya ne ana iya canja wa wasu cif ɗin firmware, wato manhajar da ke cikin cif ɗin, su koma ɗayan, kuma ina zargin da irin wannan rabin gaskiyar suke ruɗa mutane.

Sai maganar Matter, wadda ita ce babban tarkon. Matter gaskiya ne akwai shi, ƙungiyar Connectivity Standards Alliance ce ta fitar da shi a watan Oktoba na 2022, su ne dai tsohuwar Zigbee Alliance, kuma Apple da Google da Amazon da Samsung duk suna ciki. Amma Matter ba sihiri ba ne, a kan Wi-Fi ko Thread ko wayar Ethernet yake tafiya, ba ya magana da ƙwan Zigbee kai tsaye sai ta hanyar gada, wato akwatin da ke fassara tsakaninsu, kamar yadda masu ƙwayayen fitila na Philips Hue ke yi da nasu akwatin. Na'urar Matter ta gaske tana zuwa da QR da lamba mai alƙaluma 11 ta haɗawa, kuma za ka iya haɗa ta da manhajar Google Home ko Apple Home ba sai da ta mai kaya ba. Nawa QR ɗin da na duba, linkin manhajarsa ne kawai. Na nemi sunan kayan a jerin waɗanda ƙungiyar ta tantance, babu shi babu alamarsa.

Wani zai ce to ashe haɗawar ba ta yiwuwa? Tana yiwuwa mana, mutane da yawa suna yi da manhajar Home Assistant, kyauta ce, ka ɗora ta a ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, ka soka mata USB na Zigbee ɗaya na Z-Wave ɗaya, kowanne ya kama nasa. Akwai ɗan wahala ba zan ɓoye ba, amma komai a cikin gidanka yake, ba ka jiran sabar wani. Ko kamfanin gaske ma ya taɓa barin mutane a rana, Insteon, masu kera irin waɗannan kayan gida, sun kashe sabarsu a Afrilun 2022 ba tare da sanarwa ba, balle wanda ba ka san ko sunansa na gaskiya ba.

In har sai kun saya wajen irinsu, ku ce ya faɗa muku sunan cif ɗin da ke ciki, kuma Z-Wave ɗin na wane yanki ne. Ni da na yi masa tambayar nan bayan na tura masa hoton cikin akwatin, minti biyar ba a yi ba ya yi blocking ɗina. Wanda ya riga ya sa manhajar nan ya goge ta yanzu yanzu ya canja password ɗin Wi-Fi, ni har na imel da na banki na canja don hankalina bai kwanta ba.

Jiya wani abokina ya turo min wani talla yana tambayata ko ya saya. Suna daban, kalar kwali daban, amma bidiyon nan ne dai, hannun nan, fitilar nan, har ƙofar ba su canja ba.