Mariƙin totur a hanyar Tasawa: abin da na gani bayan na ɗaura wa babur ɗina

Duk mai yin doguwar tafiya a kan babur ya san cewa hannun dama ne ke fara gajiya, tun kafin baya. Daga wuyan hannu ciwon yake somawa, ya gangaro ƴan yatsu, har babban yatsa da manuni su mutu murus. Ni sana'ata sayar da magungunan dabbobi, ina kai wa masu shaguna kaya daga Maraɗi zuwa Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa, wani lokaci in zarce har Damagaram, kusan kilomita 240. Babur ɗina ɗan Indiya ne, inji 150 mai silinda ɗaya, kuma irin wannan inji duk karkarwarsa a tafin hannu take ƙarewa. Ga sifirin ɗin kabureta kullum yana ja da baya, kai kuma kana murɗe da totur awa biyu, awa uku, ba sakewa. Shi ya sa na nemi abin da zai riƙe mini totur. Tun sanyin bara nake aiki da shi, kuma ya biya ni kuɗina. Amma ba kowa zan ce ya saya ba.

Masu tallarsa a intanet suna haɗa shi da na'urar riƙe gudu irin ta manyan motoci, alhali ba tafiyarsu ɗaya ba. Waccan tana karanta gudun ƙafa, in an zo hawa ta ƙara wuta da kanta, in an zo gangara ta rage, kuma da ka taɓa birki ko kuloci sai ta saki. Wani injiniya ɗan Amurka, Ralph Teetor, wanda makaho ne tun yana yaro, shi ya ƙirƙiro ta, kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motocinsa a 1958, Honda kuma ta sa wa babban babur ɗinta Gold Wing a 1985. Yau akwai kamfanoni irin MCCruise na Ostireliya da ke ƙera wadda ake ɗaura wa babur daga baya, da ɗan injin da ke jan wayar totur, da abin auna gudu, da wayoyin da ake haɗawa da na fitilar birki. Sai dai kowane samfurin babur da irin tasa, akasari na manyan babura ne, kuma kuɗinta kaɗai ya isa mutum ya sayi babur na hannu a garin nan.

Nawa ba waya, ba batir. Ɗan ƙarfen alminiyom ne mai kama da awartaki, bakinsa yana cafke robar totur, jelarsa tana miƙewa gaba ta saman hannun birki, da ƴar ƙusa da ake murɗawa da yatsa a tsananta cafkar ko a sassauta. In ka murɗa totur ka kai gudun da kake so, sai ka danna jelar da manuni har ta kwanta a kan hannun birki. Sifirin zai so ya mayar da totur, jelar ta tokare, totur ya tsaya inda yake. Ke nan wuta yake riƙewa, gudu kuwa babu ruwansa da shi. Akwai wani iri da ake sawa a ƙarshen kan babur, kamar na kamfanin Kaoko na Afirka ta Kudu, mai goro da ake juyawa ya matse totur daga gefe, amma shi sai an yanke bakin roba an samu mazaunin da ya dace. Na zaɓi mai sauƙin. Wani mai kayan babura a kasuwa ya sa aka kawo mini, jaka 6 na sefa na biya.

A takardar da ke jikin ledarsa an nuna minti ɗaya ya isa a ɗaura. Ɗaurawar kam minti ɗaya ce. Shirya babur ɗin ne aiki, kuma a nan na gode wa makaniken da ke duba mini babur a unguwar Zariya, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar. Ya juya ƙarfen a hannunsa, ya leƙa ta nan ya leƙa ta can, sannan ya kama robar totur ɗina ya murza da ƙarfi. Sai ga roba tana juyawa ita kaɗai a kan bututun da ke cikinta.

Ya ce, "Malam, ka gani? Rana ta cinye gam ɗin. In muka ɗora wannan a haka, roba zai riƙe, totur ya yi ta tafiyarsa. Kuma ranar da ka so kashe wuta da sauri, robar ce za ta juya ta bar ka."

Na ce, "To Baba, yaya za a yi?"

Ya ce in bar masa babur ɗin ya kwana.

Ya zare robar, ya wanke ta da esansi ita da bututun, ya shafa sabon gam ya mayar. Ya kwance gidan totur, kuma ƙurar da ta fito daga ciki ta ba ni mamaki: ta haɗu da tsohon giris ta zama baƙin kwaɓi mai tsakuwa-tsakuwa. Ya goge ƙarfen kan babur tas, ya ɗiga mai cikin waya har ya ɓullo ta ƙasa, ya daidaita wasan totur ya bar kamar milimita 3. Ya tada inji, ya karya kan babur dama, ya karya hagu, yana sauraro ko ƙarar za ta tashi. Ba ta tashi ba. Sai da ya murɗa totur ya saki, ya ji ya koma "tas" da kansa, sannan ya yarda a ɗaura. Washegari muka zura zoben robar da ya zo da shi, muka ɗora ƙarfen daf da gidan makunni, inda ba zai tare maɓallin tada inji ba. Sauran aikin duk na ƴar ƙusar nan ne. In ka matse da yawa, hannunka zai sha wuya kafin ya mayar da totur. In ka sassauta da yawa, sifirin zai rinjaye shi, wuta ta dinga zubewa. Tsakanin biyun ake nema, inda ya fi ƙarfin sifirin amma bai kai ƙarfin hannu ba, kuma ya ɗaga babur a kan babbar ƙafa muka yi ta gwadawa har muka samu. Duk wanda totur ɗinsa ba ya komawa da kansa, kada ya kusanci wannan abu sai ya gyara.

A kan kwalta kuwa, wallahi na ji daɗinsa. In na wuce Cadawa hanya ta miƙe, na sa allurar agogon gudu a kan 70, sai in danna jelar in buɗe yatsuna. Ba na cire hannun daga kai, tafin yana kwance a kan roba, amma ba matsewa. In motsa wuyan hannu, in miƙe yatsu ɗaya bayan ɗaya, jini ya sauko. Minti biyu ko uku sun isa, sai in karɓi totur ɗina. Da, in na sauka a Tasawa, sai na yi ta yarfe hannu kafin in iya riƙe biro in rubuta wa mutane lissafin kayansu. Yanzu ina sauka nake buɗe littafi. Wannan kaɗai ya fi mini jaka 6.

Amma allurar ba ta zama wuri ɗaya. Lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take bugowa, mai zuwa Damagaram kusan gaba da gaba yake da ita, sai ka ga 70 ta koma 62 ba ka taɓa komai ba. A dawowa kuma iskar na bayanka, allura ta yi ta hawa. Ɗan tudu kaɗan zai rage maka gudu, ƴar gangara ta ƙara, babbar mota ta gifta ta buge ka da iskarta. Dole ido ya riƙa komawa kan agogo. Mai talla ya ce yana rage shan mai. Ni ban ga bambancin da zan ba da shaida a kansa ba.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma na fi so mai karatu ya riƙe, shi ne birki. Hannunmu ya saba: ka ga abu a gaba, ka saki totur, ka kama birki, totur ya koma da kansa. Da wannan ƙarfe a kwance, sakin bai isa ba. Ka ja birki, jelar tana nan a samansa, inji yana ci gaba da tura ka. Ka ja kuloci, inji ya yi kururuwa don wutar a buɗe take. Sai ka tura totur gaba da hannunka, da niyya, sannan wuta ta mutu. Turawar ba ta da nauyi, amma sabuwar ɗabi'a ce da hannu bai sani ba. Wanda ke tafiya a kilomita 80 cikin awa yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, kuma a hanyarmu mita 22 na iya zama tsakaninka da amalanken shanu. Shi ya sa kafin in fita da shi doguwar tafiya na samu wani yanki na kwalta da ba kowa, da sassafe, na yi ta maimaitawa a ƙaramin gudu: tura, birki, tura, birki, har hannun ya haddace.

Na ga amfanin wannan horo daf da Gazawa. Da rani gawo ne ke da ganye da ƴaƴa, kuma jajayen awakinmu a gindinsa suke yini suna tsintar abin da ya faɗo. Wata uwa ta tsallaka tun ina nesa, na san kuwa ɗanta na biye. Ilai kuwa, sai ga shi ya ɓullo daga bayan wata sabara a guje. Hannuna ya tura totur kafin in yi tunani, na taka birkin baya na haɗa da na gaba, ya wuce ta gabana da ɗan tazara. Na tsaya gefe na yi hamdala. Tun daga ranar, in na hangi gawo kusa da hanya ko garke ko yara, ba na jira, ɗage jelar nake yi.

Wuraren da nake sa shi ba su da yawa: kwalta mai kyau, da rana, inda ido ke ganin dama da hagu har nesa. Shiga gari, ranar kasuwa, wurin tudun rage gudu, shingen jandarmomi, inda ramuka suka yi yawa, wuce babbar mota, duk a ɗage yake. Da dare ban taɓa kwantar da shi ba, kuma ba zan yi ba. A hanyar burji ko yashi ba shi da wani amfani, don can hannu ne ke wasa da wuta kowane lokaci. In na ɗauko mutum a baya ma ba na sawa.

Yana da nasa aibu. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ya haura digiri 40, roba tana laushi, cafkar ta dinga zamewa, sai na ƙara matse ƙusa. Da safe kuma roba ta yi sanyi, matsin ya yi yawa, sai an sassauta. Zoben robar da ya zo da shi bai kai ƙarshen bazara ba ya tsage, Baba ya yanko mini ɗan zobe daga tsohon tib na keke, kuma shi ya fi na asalin riƙo. Karkarwar inji tana kwance ƙusar a hankali, don haka kowace safiya sai na taɓa ta. Ya cinye mini faɗin yatsa ɗaya a kan roba, kuma wanda ya saba ɗora yatsu biyu a kan birki zai ji jelar tana tokare masa manuni. Fentin hannun birki ma ya goge inda take kwanciya.

Ƴan kabu-kabu biyu sun tambaye ni inda ake samu, na ce musu su bar kuɗinsu. Mai yawo tsakanin babbar kasuwa da tasha da Sabon Gari, cikin adaidaita da masu tura kura, ba ya yin minti ɗaya a wuta guda. Wani yaro kuma idonsa ya yi haske, ya ce ashe da shi ana iya sakin hannu biyu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zaunar da shi na yi masa magana, don na san iyayen da suka binne ƴaƴansu saboda wasa da babur a kan titin nan. Wanda zan ce ya saya shi ne mai doguwar hanya irina: malamin makarantar da aka tura nesa da gida, ma'aikacin gona, ɗan kasuwa mai bin Madawa ko Ƙwanni, mutumin da ya natsu, wanda kuma zai yarda ya kai babur ɗinsa a duba totur tukuna.

Da damina kwance shi nake yi gaba ɗaya, don jiƙaƙƙiyar roba ba ta da tabbas, ga dabbobi da manoma a bakin hanya safe da yamma. In na ajiye babur a kasuwa ma aljihu nake sa shi, tunda da yatsa ake kwance shi, ba sai da sifana ba. Haka in ƙanena ya zo aron babur, sai na cire kafin in miƙa masa makulli, don hannunsa bai koyi turawar nan ba.