Tana ko cokali: wane koto ya kamata ka nema kafin ka tafi Madarunfa?

Kafin ka ciro kuɗi a kasuwar Maraɗi, fara sanin kifin da kake nema. Tarwaɗa da giwan ruwa duk masu farauta ne, amma ba hanya ɗaya suke bi ba. Tarwaɗa da gashin bakinta take lalube a ƙasan ruwa, ƙanshi take bi, kuma ta fi fitowa da dare. Giwan ruwa kuwa da ido yake farauta, sai ya ga abu na motsi yake kai cafka.

To ka dubi ruwanmu. Da damina, idan Gulbin Maraɗi ya kawo, tabkin Madarunfa jawur yake, ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. A irin wannan ruwa koton gargajiya ne sarki: tana, gara, fara, ɗan kwaɗo, hanjin kaza da ya kwana ya fara wari. Tana ta fi samuwa, a gindin randa ma sai ka tono ta, amma ƙananan karfasa kan tsattsage ta kafin babba ya iso. Hanjin kaza ya fi daɗewa a ƙugiya. Wasu masunta har gutsuren sabulu suke sa wa tarwaɗa, kuma tana ci.

Na taɓa zuwa bakin tabki da sabon cokali mai walƙiya, wato koton ƙarfe mai siffar cokali da ƙugiya a jikinsa, ina jifa ina ja tun hantsi har la'asar. Wani dattijo da ke gyaran komarsa ya ce, "Ɗana, kifin da kake haska wa madubi bai gan ka ba." Ya ɗebo tana a gwangwanin tumatir ya miƙo mini. Kafin magariba na ciro tarwaɗa biyu.

Ba wai koton bature ba shi da amfani ba ne. Da ɗari, in ruwa ya kwanta ya washe, cokali yana jan giwan ruwa, haka ma kifin roba, da na katako irin na Rapala, wanda wani masunci a Finland ya fara sassaƙawa a 1936. Ba ya ruɓewa, guda ɗaya sai ya yi shekara yana aiki. Sai dai yana da tsada, ƙugiyoyinsa masu baki uku na maƙalewa a ciyawa da saiwa, kuma zare na tsinkewa kuɗinka sun nutse. Ni a ganina, ko ga giwan ruwan, ƙaramar karfasa mai rai da aka soke ta gadon baya ta fi su duka.

Mai shirin zuwa Gaya neman tsage a kogin Kwara, shi kam ya sayi cokali, ya haɗa da waya a gaban zare, don haƙoran tsage yanke zare suke kamar reza.

In kuɗinka kaɗan ne, sa su a ƙugiya mai kaifi da zare mai ƙarfi. Gwada tsinin a farcenka tun a gaban mai kaya. In ya zame bai kama ba, mayar masa ka nemi wata.