Girman wurin ajiya bai dame ni ba, Hajiya ta iya buɗe linkin tukuna

Duk mai ɗaukar hoton biki a Kano ya san aiki ba ya ƙarewa ranar da aka kai amarya. Sai hotuna sun shiga wayar uwar amarya lafiya, ta gani ta yaba, sannan ake maganar cikon kuɗinka. A daidai wannan gaɓar wata manhajar ajiya ta intanet ta kusa haɗa mini asarar kwastoma da zubewar mutunci, ga shi kuma ina ganin 'yan'uwa masu kyamara suna ta yaɗa ta a guruf, wai ga banza ta faɗi. Ba zan kama sunanta ba. Irin waɗannan ce da ke yi maka alkawarin wuri mai ɗimbin yawa kyauta, wanda ko manyan kamfanoni ba sa ba da kwatankwacinsa sai da kuɗi.

Abin da ke tura mutum gare ta kowa ya san shi. Hoto ɗaya ɗanye, yadda ya fito daga kyamara kafin gyara, yana cin mega 25 zuwa 30. Biki guda kuwa ga kamu, ga sa lalle, ga ɗaurin aure, yini da dina, wani gidan har da buɗar kai. Ka ɗora bidiyo a kai, sai ka ga gig 15 da Google ke bayarwa kyauta ko rabin hidimar ba ta ɗauka ba. Dropbox gig 2 ne kacal, OneDrive da iCloud biyar-biyar. WhatsApp kuwa in ba a matsayin takarda ka tura hoto ba, matse shi yake yi har zanen leshi ya dushe, amarya ta ce ba haka kayanta suke ba.

Wajen ɗora kaya, tsakani da Allah, manhajar ba ta ba ni wahala ba. Na sayi datar dare, na jona kwamfuta, kafin a kira asuba komai ya hau. Na tura wa Hajiya, uwar amarya, linki, na kwanta ina lissafin abin da zan yi da ciko.

Bayan azahar sai ga kiranta.

"Malam mai hoto, wai mene ne wannan ka turo mini?"

"Hotunan ne, Hajiya. Ki taɓa shuɗin rubutun nan, za su buɗe."

"Ai na taɓa. Cewa aka yi sai na sauke wani abu. Na ba auta ta sauke, aka ce sai mun yi rajista, muka yi. Yanzu kuma ga wata yarinya nan ba ko ɗankwali tana tiƙar rawa, ana ce mini in zuba kuɗi in ci miliyan. Dangin ango ne fa cike da falona, mun taru za mu ga kamu."

"Ranki ya daɗe, talla ce. Ki ɗan jira, za ta wuce."

"Talla? A cikin hoton 'yata?"

Wallahi na rasa bakin magana. Matar nan ta girme wa mahaifiyata, kuma ni na tura mata abin da hannuna. A wurinta babu wani kamfani, babu wata manhaja, mai hoto ne ya turo mata tallar caca da 'yan rawa a gaban surukai. Tallar ma ba sau ɗaya take zuwa ta tafi ba. Ka ga hotuna kaɗan, ta sake tare ka, alamar rufewa kuma 'yar mitsitsiya a can lungu, in yatsa ya ɗan kauce sai ta jefa ka wani shafin daban.

Wannan ma somin taɓi ne. Da yamma amarya da kanta ta kira daga gidanta, murya a daƙile, wai bidiyon dina duk ya yi hazo, ko fuskar ango ba a ganewa, ko dai ƙaramar kyamara na zo da ita? Na buɗe na kwamfutata, tangaran. Na buɗe ta linkin, dishi-dishi. Ashe mai kallo kyauta rage masa inganci ake yi, in yana son ganin abin yadda yake sai ya biya kuɗin wata. To a sauke mana gaba ɗaya a huta, nan ne fa aka ga ta kansa. Layin saukewa ya tsaya cak, yana ɗan motsi jefi-jefi. Da farko na ɗora laifin a kan sabis, don mun saba. Amma a wayar nan guda, a kan kujerar nan guda, na kunna YouTube yana ta gudu ba ko tuntuɓe, ita kuwa tana jan ciki. Yayar amarya da ke aure a Jidda ta turo saƙon murya, ita ma haka take fama, alhali can ba a kukan sabis. Da gangan aka shaƙe hanyar. Rumbu ne mai faɗin ciki, amma bakinsa ko hannu ba ya shiga, ka zuba hatsi iya son ranka, ranar ɗiba ka biya.

Na rubuta musu ƙorafi, amsar na'ura ta dawo mini da Turanci, ana gode mini ana kuma tallata mini tsarin biya. Ƙarshe dai filash na cika, na biya ta Farm Centre na sayi ɗan abin nan da ake jona filash da waya, don gidan ba kwamfuta, na hau adaidaita sahu. A falon baƙi na zauna ina tura wa auta, ita tana rarraba wa 'yan'uwa ta Xender, ana wucewa ana kallona. Ciko an ba ni, amma ba da irin fara'ar da aka ba ni kafin alƙalami ba.

Wani dattijo da muke wanke hoto a wurinsa a titin Gidan Zoo, da na ba shi labari, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Ɗana, banza ba ta kai zomo kasuwa. Su da suka ba ka wurin nan kyauta, da me za su biya kuɗin wuta? Da idon kwastomarka za su biya." Shi ya sa na rufe ido na shiga Google One, wato tsarin Google na biyan kuɗi a ƙara maka wuri a ma'ajiyarsu ta Drive.

A nan kam sai hamdala. Ka buɗe folda, ka sa duk mai linki ya iya kallo, ka tura. Wanda ya karɓa ba sai ya yi rajistar komai ba, ba talla, kuma yawancin wayoyin Android da Drive ɗinsu suke zuwa. Abin da ya fi burge ni, kallon kayan da ka raba ba ya cin wurin wanda ya karɓa, naka yake ci, don haka ko wayar gwaggo ta cika tana iya ganin hotuna. Biki na gaba da na yi, kakar amarya ce ta fara kirana tana sa albarka, tsohuwar da jikoki ke danna mata waya. Akwai kuma ranar da yarona na shago ya goge foldar ɗaurin aure sukutum yana share tsofaffin ayyuka, ya zo jiki na ɓari. Muka leƙa kwandon shara, ga ta nan zaune, don Drive na riƙe abin da aka goge har kwana 30 kafin ya tafi. Danna ɗaya ta koma mazauninta. Sai dai a kula da izinin da ake bayarwa. Kallo daban, gyara daban. In ka ba ƙawayen amarya izinin gyara, duk wadda ta ga hoton bai yi mata kyau ba za ta iya cire shi daga foldar, kuma za ta cire.

Sauran ma na ɗan lalube su, don kada a ce ban duba ba. Manhajar Mega na ba da gig 20 kyauta, kuma kulle kayanka yake yi tun daga na'urarka, ta yadda su kansu ba sa ganin abin da ka ajiye. Ga hotunan mata na cikin gida, irin na sa lalle da ba a son su fita, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma sharaɗinsa da nauyi: ka manta kalmar sirri, ba ka kuma adana mabuɗin ceto da suke ba ka ba, to kayan sun tafi, ba wanda zai buɗe maka. Yana kuma da iyakar abin da mai amfani kyauta zai sauke a lokaci guda, wanda ga dogon bidiyo abin dubawa ne. Dropbox wajen daidaita fayil tsakanin kwamfuta da waya ba shi da na biyu a ganina, sai dai tun 2019 na kyauta na'ura uku kawai yake ɗauka, gig 2 kuwa ba kayan mai hoto ba ce. OneDrive ya dace da wanda dama yake biyan Microsoft 365 saboda Word da Excel, tunda tera ɗaya, wato gig dubu, na biyo kuɗin. iCloud na amaren iPhone ne, su da ƙawayensu.

Telegram ne mutanenmu suka mayar ma'ajiya, kowa da 'yar tasharsa ta sirri yana jibga kaya, fayil ɗaya har gig 2, ba a ce ka biya ko sisi. Don turawa yana da daɗi. Amma asusun a jikin lambar wayarka yake rataye, kuma in ka daɗe ba ka leƙa ba yana iya goge kansa. Wanda ya ga yadda aka rufe layuka a 2024 kan haɗa su da lambar NIN ba zai ɗora bikin mutane kacokan a kan layin waya ba.

Na so in tsaya nan in ce Drive ya gama komai, amma da na tuna ranar biyan kuɗi sai raina ya sake ɓaci. Tun 2023 Google Play ke karɓar katin Verve a biya da naira, wannan ya rage wahala, amma bankina, wanda shi ma ba zan kama sunansa ba, sai ya ga dama yake sakin kuɗin. Wani watan ya wuce salin alin, wani watan a dawo da shi ba dalili, ka je banki a ce ka dawo gobe. Kuma abin ba na wasa ba ne, don wurin nan ɗaya ne Gmail da Drive da Photos ke ci. Tun Yunin 2021 hotunan Photos suka shiga lissafi, daga farkon 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta masu Android ita ma ta shiga, da duk bidiyon wa'azi da na barkwanci da ake turo maka a guruf. Ƙa'idarsu a fili take: in biya ya tsaya alhali kayanka sun haura gig 15, ba ka ƙara ɗora komai, imel ma ba ya shiga ba ya fita, in kuma aka shekara biyu a haka suna iya gogewa. Wato sana'arka da akwatin wasiƙarka duk suna hannun katin da ba ka da tabbas a kansa. Sannan a waya ba a sauke folda ɗungurungum, sai an zaɓi hotuna, a kwamfuta ne yake ƙunshe ta wuri ɗaya. Don haka zaɓaɓɓun da na gyara nakan zuba su a kundin Photos na rabawa, ya fi sauƙin kallo, ɗanyun kuma su zauna a Drive. Ga kuɗin data, wanda tun ƙarin da aka yi a farkon 2025 ɗora bidiyon biki guda sai ka yi shawara da aljihu.

Ita kuwa waccan manhajar har yau ba mu rabu lafiya ba. Akwai ayyukan mutane da na riga na zuba mata, dole na biya kuɗin wata ɗaya don a buɗe mini hanya in kwashe kayana. Abin mamaki, ina biya sai ga gudu kamar ba ita ba. Na kwashe, na nemi wurin soke biyan, aka yi ta zagaye da ni daga wannan shafi zuwa wancan, har na danna abin da ya nuna an soke. Wata na kamawa sai ga alat, an sake cira. A nan bankin nawa bai ga damar hana kuɗi fita ba, shi da ke hana na halak wucewa. Sai da na je aka toshe katin aka ba ni sabo. Saƙonninta kuwa har gobe suna shigowa imel ɗina, wai sun yi kewata.

Yanzu kowane aiki kafin ya hau intanet sai ya kwana a had dis biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida. Drive na miƙa wa kwastoma ne, ba na ajiyar dindindin ba. Na ma sa an buga mini a ƙasan rasit cewa linki wata uku yake yi, kowa ya sauke nasa kafin nan, wanda ya dawo nema daga baya zai biya kuɗin data da na filash. Iyaye mata ba sa musu. Angwaye ne ke tsayawa ciniki a kan wannan layin, wai ai intanet kyauta ce.