Sandar Druid a littafin 'yan wasa na D&D na 2024: an gyara, amma da sauran rina a kaba

Kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da sabon Player's Handbook, littafin dokokin wasan Dungeons & Dragons (D&D) da ake taka rawar jarumai a cikinsa, a watan Satumba na 2024, kuma a ciki ya taɓa sihirin Shillelagh, wanda Druid, mai sihirin daji, ke yi wa kulki ko gora. A littafin 2014 sihirin na mayar da ɓarnar makamin d8, wato ɗan ludo mai fuska takwas, ya bar ka ka kai duka da makin Hikimar jaruminka maimakon na Ƙarfi na tsawon minti ɗaya. Nan ya tsaya, daga matakin farko na jarumi har na 20.

Yanzu ɓarnar tana hawa: d10 a mataki na 5, d12 a na 11, 2d6 (ludo biyu masu fuska shida) a na 17. Matsakaicin abin da ke fitowa ke nan 4.5, sai 5.5, sai 6.5, sai 7. Hawan ƙarshe rabin maki ne kacal. Amfaninsa shi ne ba ka faɗuwa ƙasa da 2, kuma sakamakon ya fi taruwa a tsakiya.

Inda gizo ke saƙa shi ne Druid ba ya samun duka na biyu a zagaye ɗaya. A mataki na 5, da Hikima 18, sanda na ba da 9.5, sihirin jifan wuta na Produce Flame kuma 9, kusan kunnen doki. A mataki na 11, da Hikima 20, wanda ya zaɓi Primal Strike, baiwar ƙara ƙarfin duka, zai ƙara d8 ya kai 16, wanda kuma ya zaɓi Potent Spellcasting, baiwar ƙara makin Hikima a kan ɓarnar ƙananan sihiri, wutarsa na kai 18.5, alhali yana tsaye can nesa inda takobi ba zai same shi ba. A na 17 kuwa 21 ne da 23. Ke nan mai sanda ya shiga tsakiyar abokan gaba, ya kuma tashi da ƙasa da na mai jifa.

Masu cin moriyar gyaran su ne Paladin da Fighter, jaruman da ke yaƙi da makami. Baiwar Magic Initiate na ba su damar ɗauko Shillelagh su ɗora shi a kan Kwarjini ko Basira, kowane duka nasu kuma sai ya hau da sabon ɗan ludon. Fighter mai duka uku a mataki na 11 yana jefa d12 sau uku, ga garkuwa a ɗaya hannun.

Gyara mafi amfani a wurina shi ne zaɓin mayar da ɓarnar ta zama Force, wato ɓarnar tsantsar ƙarfin sihiri, nau'in da dodanni kaɗan ne ke jure masa. A kula dai: da ka saki sandar sihirin ya tashi, kuma in ka rikiɗa dabba ba za ka more shi ba.

Flame Blade, sihirin takobin wuta na Druid, shi ma ya samu ci gaba: 3d6 da ƙarin Hikima, sannan d6 ɗaya a kan kowane ƙarin matakin sihirin, ba kowane biyu kamar dā ba. Sai dai yana cinye tattara hankalin da Druid ke buƙata don manyan sihirinsa.