Littafin nan ya hana ni barci wlh

Jama'a akwai wani littafin labari da ake ta zancensa a guruf ɗinmu, na same shi a babbar kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru, wajen masu kawo littattafan Hausa daga Kano, jaka ɗaya da rabi na sefa, kuma kuɗina bai tafi a banza ba.

Labarin wata budurwa ne da ta tsinci tsohon hoto a ƙasan adakar kakarta an yage fuskar mutum ɗaya, tunda ta fara tambaya gidan ya juya mata baya, kowa cewa yake aljanu ne suka taɓa ta har da kai ta ruƙiyya, to abin da ya kama ni shi ne ni kaina da nake karantawa sai da na fara shakkar hankalinta, saboda ita ke ba da labarin kuma wani abun ta faɗa yau gobe ta warware. Wurin da uwar ke tsefe mata kai tana mata magana a hankali alhali ita ce ta san komai, wlh tsigar jikina ta tashi, ba duka ba zagi amma tsoro ya cika ɗakin.

Inda ban ji daɗi ba ƙarshen ne, an yi gaggawa sosai, baban da shi ne tushen ɓarnar shafi biyu kawai aka ba shi. Bugun ma wasu shafukan sun dushe, ku duba kafin ku biya. Amma ku nema ku karanta dan Allah, ina son mu tattauna kan uwar nan.