Inshorar kuskuren aiki da inshorar kutse: ina giɓin yake?

Wani ɗan'uwa mai ƙaramin kamfanin haɗa manhaja ya tambaya. Dillali ya kawo masa inshora iri biyu, ta kuskuren aiki da ta kutsen intanet, haɗe da talla mai cewa kashi 60 cikin ɗari na ƙananan kamfanoni kan rufe cikin wata shida bayan an yi musu kutse. Wacce zai saya, kuma zai iya sa wannan adadi a tasa tallar?

Malam, duba wanda asarar ta faɗa wa. Ta kuskuren aiki, wadda dillalai ke kira E&O, tana aiki ne idan kwastoma ya maka ka a kotu, misali manhajarka ta ninka albashin ma'aikatansa. Tana biyan lauya da diyya, amma yawanci ba ta biyan kuɗin sake aikin ko tarar jinkiri da ka sa wa hannu a kwangila. Ta kutse kuwa ta fi duba taka asarar: ƙwararrun bincike, dawo da bayanai, sanar da waɗanda aka sace bayanansu, da cinikin da ya tsaya.

Matsalar tana tsakiya. A ce ɓarayi sun bi ta wata ɓaraka a manhajarka sun kwashe bayanai daga kwamfutocin kwastoma. Mai E&O zai ce kutse ne, ya cire shi a sharuɗɗansa. Mai ta kutse zai ce sakacin sana'a ne, shi ma ya cire. Kai ne za ka shiga tsaka mai wuya. Shi ya sa ya fi a haɗa su a takarda ɗaya daga kamfani ɗaya. In ba hali, rubuta wa dillali wannan misalin ya ba ka amsa a rubuce.

Ta kutsen ma ba kowane tsayawar aiki take biya ba. Ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawar manhajar kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows kusan miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, kuma babu ɗan kutse a ciki. Wanda takardarsa ta ambaci hari kawai, ba ta ambaci lalacewar tsari a wajen kamfanin da yake dogaro da shi ba, zai sha wuya. Ga kuma sa'o'in jira, sau da yawa takwas zuwa goma sha biyu, kafin a fara ƙirga asara. Tun Maris na 2023 kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan ta wajabta cire manyan hare-haren da gwamnatoci ke ɗaukar nauyi daga inshorar kutse.

Kula da kwanan wata. E&O tana duba ranar da aka kawo ƙorafi ne, kuma tana da ranar farawa: aikin da ka yi kafin ta ba ya ciki. In ka sauya kamfani, ka dage a bar maka tsohuwar ranar. Fom ɗin neman inshorar kuma a cika shi da gaskiya. A 2022 kamfanin inshora Travelers ya je kotu a Amurka aka soke inshorar wani kamfani da ya ce yana amfani da tabbatarwa mai matakai biyu (kalmar sirri da wata shaida ta biyu kafin shiga na'ura) alhali bai sa ta ko'ina ba.

Batun kashi 60, bar shi. Ƙungiyar tsaron intanet ta Amurka, National Cyber Security Alliance, da ake jingina wa adadin ta fito a 2022 ta ce ba bincikenta ba ne, kuma ba ta iya gano asalinsa ba. Kwatanta da na kamfanin fasaha IBM: rahoton 2024 ya ce matsakaicin asarar kutse dala miliyan 4.88 ne, daga ƙungiyoyi 604. Wannan yana da tushe, sai dai manyan kamfanoni ne ke ja masa sama, ba asarar mai ma'aikata goma ba ce. In za ka kawo shi, faɗi mai binciken, shekarar, da waɗanda aka ƙirga. Ka kuma tambayi dillali ko E&O ɗinka tana rufe ƙarar talla mai yaudara, domin da yawa sun cire ta.