Garejin da ya gano inda Hilux ɗina ke yoyon mai a Garwa

Wata huɗu na yi ina tashi da tabon mai a ƙofar gida. Sau da yawa in na ajiye motar, kafin gari ya waye sai in tarar da baƙin tabo kamar faɗin tafin hannu, daidai mahaɗar inji da akwatin giya. Motar tsohuwar Hilux ce, a-kori-kura, ƙirar 1994, mai injin gas (wato dizal) samfurin 3L, lita 2.8, silinda 4. Da ita nake ɗauko masara da gyaɗa daga Ngong in kawo Garwa, wani lokaci kuma a ɗauke ni haya zuwa Lagdo ɗauko kifi. Da ita nake ci da iyali, don haka kowane ɗigo da ya sauka ƙasa a raina nake jin sa.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yoyon ba kullum yake ba. Ranar da na yi zirga-zirga a cikin gari, da ƙyar in ga ɗigo biyu. Ranar da na hau babban titi da kaya, sai ƙasan motar ya jiƙe sharkaf, kuma duk tafiya uku ko huɗu sai na ƙara kusan lita guda ta baƙin mai.

Garejin farko da na je, bakaniken ya leƙa ƙasa ya ce sil ɗin bayan inji ne, wato robar da ke hana mai fita ta can. Aka sauke akwatin giya, aka canza, na biya sefa 45,000 har da kuɗin kaya, na yi kwana biyu ban fita aiki ba. Ba a yi mako ba tabon ya dawo inda yake. Ban ce ya cuce ni da gangan ba. Ya duba wurin da mai ke ɗiga, ya yanke hukunci a nan.

Wani direba da muke lodi tare ne ya kwatanta min garejin da nake wannan sharhi a kansa. Yana bayan gari, babu allo, babu rumfar kirki, sai rami ɗaya da bishiyar dalbejiya. Mai garejin dattijo ne, kuma yawancin motocin da na gani a wurinsa tsofaffin Toyota ne masu shan gas.

Da na fara zayyano masa abin da aka yi a baya, sai ya ɗaga min hannu. Ya sa yaronsa ya shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin motar, muka zauna har ɗigo ya sauka. Ya lakato da yatsa, ya murza, ya sansana, sannan ya ce a kawo masa ruwa a kofi ya ɗiga a ciki. Abin ya taso sama, ya kwanta a kan ruwan.

Na ce, "Baba, ai na san baƙin mai ne."

Ya ce, "Malam, kai ka sani, ni ban sani ba tukuna. Ƙurar hanyar nan tana mai da komai baƙi."

A tsaye a wurin ya yi min bayanin da ban taɓa ji daga bakin wani bakanike ba. Man birki da na kuloci, irin DOT 3, narkewa yake a ruwa, kuma yana cin fenti. Ga shi ƙaramin famfon kuloci a jikin akwatin giya yake, daf da inda nake ganin tabon, don haka dole a fara cire shi daga zargi. Man giya kauri gare shi, da wari mai hawa kai irin na farar wuta, wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Man sitiyari ja ne in yana sabo. Gas tsinkakke ne, warinsa ba ya ɓuya. Ruwan lagireto kuwa, in na kanti ne ja ko kore yake, amma tunda yawancinmu ruwan famfo muke ɗurawa, kalar tsatsa yake fitowa. Nawa baƙi ne wuluk, ga santsi, ga ƙaurin hayaƙi. Man inji ne, kuma na injin gas, wanda ke baƙi nan da nan bayan juye saboda baƙin hayaƙi.

Daga nan ya shiga rami da tocila. Ya janye robar da ke rufe hannun kuloci ya haska ciki, ya kira ni in gani da idona. A bushe yake. Da sil ɗin bayan inji ne ke yoyo, in ji shi, daga ciki mai zai fito, kuma zai iya sa kuloci ya fara santsi. Man nan a waje yake, a jikin ƙarfen, ya kwanto daga gaba ya bar sawu a cikin ƙura.

Sai aikin da ya ci yini guda. Yara biyu suka wanke injin da kananzir da garin sabulu, tun daga murfin sama har kaskon mai, suka bar shi a rana ya bushe ƙarau. A zafin Garwa na watan Afrilu, da ake haura maki 40, wannan bai ɗauki lokaci ba. Da la'asar ya aika aka sayo hodar jarirai, ya barbaɗa a gefen injin, da bakin tiyo-tiyo, da kewayen matatar mai, har wurin ya yi fari fat. Aka tayar da mota ta yi minti 20 a tsaye, hodar ba ta nuna komai ba. Raina ya fara ɓaci, na ɗauka wata asarar ce kuma. Shi ko ko a jikinsa. Ya ce in shiga mu je Pitowa mu dawo, kuma in taka ta kamar yadda nake yi in na ɗauko kaya.

Da muka dawo ya buɗe bonet, sai ga wani siririn baƙin layi a cikin farar hodar, kamar an ja da alƙalami. Ya bi shi da yatsa, sama da gaba, har ya tsaya a bayan dinamon cajin batir.

Ashe a irin wannan injin akwai ɗan famfo manne a bayan dinamo. Injin gas ba ya samar da zuƙar iskar da birki ke buƙata don ya yi laushi a ƙafa, shi ya sa aka yi masa wannan famfon. Da man inji yake aiki: siririn tiyo yana kai masa mai da ƙarfi, wani mai kauri yana mayar da shi cikin inji. Siririn ne ya tsage a wuya, inda roba ta haɗu da ƙarfe, tsagar da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. In inji na tafiya a hankali, tsagar a rufe take. In ya yi zafi aka taka shi, sai ta buɗe. Fanka da iskar hanya su kwashi man su yi baya da shi, ya bi jikin inji ya gangara, ya je ya taru a wuri mafi ƙasa, inda kowa ke ɗora wa sil laifi.

Da na ga tiyon a hannunsa, robar ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi, gabana ya faɗi. Wata guda kafin nan na hau tsaunin da ke kan hanyar Ngawundare da lodi. Da a can ya fashe gaba ɗaya, da man ya tsiyaye cikin 'yan mintoci, kuma injin da ya ƙone ba ƙaramin kuɗi ke tayar da shi ba.

Ya canza tiyon, ya sa sababbin washa na tagulla a bakin kusoshin, ya ce tsofaffin in an sake ɗaure su ba sa riƙewa. Ya kuma kwance dinamon ya wanke, don mai ya fara shiga cikinsa yana kama ƙura. Duka-duka na biya sefa 14,000, har da wanki da hoda.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ba ya ajiye kayan gyara ko ɗaya, ni na hau babur na shiga kasuwa neman tiyon. Na farko da na kawo ya juya shi ya ce jabu ne, sai da na koma, kuma bai haɗa ni da yaro ya nuna min ba sai a karo na biyu. Ba ya ɗaga waya in yana aiki, ba ya kuma faɗin lokacin da zai gama. Motar ta kwana a can, washegari sai bayan azahar na karɓe ta. Wurin zama benci ɗaya ne, in inuwa ta gusa sai haƙuri. Ruwan wankin da kananzir kuma a ƙasa ake zubarwa, ga unguwa kusa, yara na wucewa. Wannan na faɗa masa baki da baki. Wanda ke da lodi yana jira, ko yake son a gama masa cikin awa guda, wurin nan ba zai yi masa ba. Amma mai tsohuwar motar gas da yoyo ya gagara, ko aka ce masa a sauke giya ba tare da an wanke injin an duba ba, ina ba shi shawara ya fara neman irin wannan binciken.

Yau mako biyar ke nan. Na yi Ngong sau bakwai, Lagdo sau biyu, man yana nan a kan layin sama na sandar awo. Kwalin da ya ba ni har yanzu ina shimfiɗa shi duk dare. Shekaranjiya na ga ɗan jan ɗigo a gefen direba, can gaba, daidai inda ya nuna min cewa akwatin sitiyari ya fara gumi. Ya ce zai kai ƙarshen damina in ina duba man, amma ranar Asabar zan mayar masa da ita.